Kai iyali ƙauyen tsibiri na kwana biyu: ku fara da shirin dawowa

Duk mai niyyar ɗaukar matarsa da yara su tsallaka teku zuwa wani ɗan ƙauye a tsibiri a ƙarshen mako, abin da zan fara ce masa shi ne kafin ka tambayi yadda ake zuwa, tambayi yadda ake dawowa. Zuwa kam ba ya wuya, ko yaushe za ka samu mai kwale-kwalen da zai ce maka ku hau mu tafi, matsalar tana ranar Lahadi da yamma lokacin da yara ke da makaranta washegari kai kuma kana da aiki, ga ku tsaye a bakin ruwa da jakunkuna ana ce muku sai gobe in Allah ya kai mu.

Mu ya taɓa faruwa da mu. Mun gama sallama da masu masauki wajen ƙarfe uku, muka fito bakin teku, sai ga jirgin da ya kawo mu kwance a kan yashi ya karkata gefe guda, igiyarsa a sake, ruwan kuwa ya janye can nesa har sai ka kare ido da hannu kafin ka hango farin kumfarsa, ƙananan kaguwa sai kai-komo suke a inda jiya muka sauka ruwa na kai mana gwiwa. Matuƙin na zaune a inuwa yana gyaran raga, na ce masa malam yaya dai, ya ce ai ruwa sai bayan magariba zai dawo shi kuma ba ya tuƙa yara da duhu. Raina ya ɓaci a lokacin amma wallahi gaskiyarsa ce, kuma tun ranar na gane cewa a tsibiri agogon hannunka ba shi ke da iko ba, teku ke da shi.

Toh ga yadda abin yake. A yawancin gaɓar teku ruwa na cikowa sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cikowa ɗaya da mai bi mata akwai kamar awa 12 da minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke matsawa gaba da kusan minti 50. In ranar Juma'a ruwa ya cika da ƙarfe tara na safe, ranar Lahadi sai wajen sha ɗaya saura. Wata ne ke jan ruwan, rana na taimaka masa, don haka a kwanakin tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu cikowar ta fi yawa janyewar ma ta fi nisa. Akwai wuraren da sau ɗaya kawai yake yi a rana, kamar wasu sassan tekun Tailan da na Meziko, shi ya sa kar ku yi lissafi da ka, ku nemi jadawalin cikowar ruwa na wurin da za ku, yana nan a intanet kyauta, ku ɗauki hotonsa a waya tun kuna gida. Bayan haka ku kira mai masaukin ku tambaye shi shin jirgi na iya shigowa gaɓarsu ko yaushe ko sai ruwa ya cika, don wani tsibirin duwatsun murjani sun zagaye shi, ƙofa ɗaya ce tal ake bi, in ruwa ya yi ƙasa ko ƙaramin kwale-kwale ba ya wucewa.

Sai iska. Galibi teku ya fi kwanciya da safe, rana na ɗagawa ƙasa ta yi zafi sai iska ta taso daga teku, zuwa la'asar igiyar ruwa ta fara girma. Ga kuma duhu, a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida zuwa shida da rabi kusan duk shekara, kuma tana faɗuwa ba ka samun ko rabin awa na haske sai duhu ya rufa. Ni shawarata a nan ba ta canzawa, ku tafi da safe ku dawo da safe. Ku sa dawowarku a jirgin farko na ranar Lahadi ko dai wanda bai wuce azahar ba, ta yadda in ya ƙi akwai sauran dama a ranar, kuma in da hali ku nemi hutun Litinin ku ajiye ko da ba za ku yi amfani da shi ba. Wanda zai hau jirgin sama bayan ya tsallako, don Allah kar ya yanki tikitin daren Lahadi, asarar kuɗi ce ke jiransa.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. A yankin Karebiyan kakar guguwa na farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba, a kudancin tekun Fasifik kuwa, su Fiji da Samowa, daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. A gabashin Afirka masu jirage na da sunan iskokinsu biyu, kaskazi mai busowa daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Maris, da kusi mai zuwa daga kudu tun Afrilu har wajen Satumba, ita ce ta fi tayar da ruwa. Ba wai ba a tafiya a waɗannan watanni ba ne, ana yi, amma da ƙananan yara kuma kwana biyu kacal gare ku, me ya yi zafi.

Ku zaɓi wurin da tsallakawa ba ta wuce awa ɗaya zuwa biyu ba. Na san hoton tsibirin da ya fi nisa shi ya fi ɗaukar ido, amma in ka ci awa biyar a mota ka ƙara huɗu a ruwa, Asabar ɗin gaba ɗaya barcin gajiya za a yi da kukan yara, Lahadi kuma a kama hanya, me aka yi kenan.

Maganar jirgi da rigar ceto

A nan nake so in daɗe don a nan rai yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ke mutuwa ta hanyar nitsewa a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yawancin ƙananan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙauyuka in ma suna da laif jaket, wato rigar ceto, to na manya ne, wasu sun tsufa soson ciki ya mutu, zip ya lalace, kuma rigar babba a jikin ɗan shekara huɗu ba ta da amfani, yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa ta yi sama shi ya yi ƙasa. Ku sayi ta kowane yaro ku tafi da ita, da nauyin yaro ake zaɓa ba da shekarunsa ba, an rubuta kilo nawa zuwa nawa a jikinta, kuma ta ƙananan yara ta zama mai maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu da kuma abin tallafe kai a bayan wuya. Gwajin mai sauƙi ne, ku sa masa ku ɗaure ko'ina sannan ku kama kafaɗun rigar ku ɗaga sama, in haɓarsa da kunnuwansa suka shige ciki to ta yi masa yawa. A gida za a yi wannan gwajin, a bar shi ya yi wasa da ita ya saba, in ba haka ba a bakin ruwa zai kafa rigima ya ce ba zai sa ba, ku kuma kunya ta sa ku ƙyale shi.

A sa rigar tun kafin a hau, ba a riƙe a hannu ba, ba a zauna a kanta ba. Manya ma su sa, ko da kuwa maigida gwanin iyo ne, iyo a kwatami daban, iyo a tsakiyar teku da yaro a hannu daban.

Kafin ku hau ku tsaya ku kalli jirgin da kyau. In aka loda buhuna da jarkoki da mutane har bakinsa ya kusa taɓa ruwa, ku haƙura ku jira na gaba ko ku biya ku ɗauki shata, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ku duba ko akwai filafili ko injin na biyu, akwai abin kwashe ruwa, akwai ƙarin fetur, matuƙin na da waya mai caji. Ba rashin kunya ba ne ka tambaya, matuƙin kirki ma daɗi yake ji. In kuma shi da kansa ya kalli sama ya ce yau ba za a tafi ba, kar ka ƙara masa kuɗi don ya canza magana, wannan shi ne babban kuskuren da baƙi ke yi, mutumin da aka haifa a bakin wannan ruwan ya ga abin da kai ba ka gani ba.

Kuma ku bar wa wani a gida sunan ƙauyen, lambar mai masauki, lambar matuƙi, da lokacin da ya kamata a ji daga gare ku.

Jiri da amai a ruwa ba ya rasa kama wani a cikin iyali. A ci abu kaɗan mara maiƙo kafin a hau, kar a tafi da yunwa kar kuma a cika ciki, a zauna tsakiyar jirgi inda girgiza ta fi sauƙi nesa da hayaƙin inji, a kalli can inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya. Akwai maganin hana amai na tafiya da ake sha kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a tashi, amma na yara sai an tambayi likita ko mai kemis don ba kowane ake ba ƙananan yara ba kuma yana sa barci. Leda biyu uku a aljihu, da kayan canji a saman jaka.

Abin da za ku ɗauka

Ƙa'idar ɗaya ce, abin da ba ku zo da shi ba ku ɗauka babu shi. Mai yiwuwa akwai ɗan kanti a ƙauyen amma kayansa na mutanen garin ne, jirgin kaya na iya yin mako bai zo ba, in ka saye masa madara ko ruwan gora gaba ɗaya wani gida ka hana.

Jaka mai laushi ta goyo ta fi akwati mai taya nesa ba kusa ba, don sau da yawa babu gadar sauka, cikin ruwa za ku dira ku taka zuwa yashi, wurare irin su Lamu a Kenya ma babu motocin haya a cikin tsohon garin, jaki da ƙafa ne. Komai a sa shi cikin leda mai kauri kafin a sa a jaka, waya da takardu da kuɗi kuma a cikin ƙaramar jaka marar shan ruwa a rataye a wuya. Kuɗi a hannu, canji ƙanana, wanda zai ishe ku har da ƙarin kwana ɗaya da kuɗin shatar jirgi in ta kama, don babu ATM babu POS, tiransifa kuma sai da netwok, netwok ɗin ma wani lokaci sai ka hau tudu ko ka je ƙarshen gaɓa kake samun sanda ɗaya. Wuta in akwai ta sola ce ko janareta na 'yan awanni da dare, don haka fawa bank cike da caji, tocila mai ɗaurawa a goshi, a kuma sauke taswirar wurin a waya tun ana gida.

Ruwan sha shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Ka ga ruwa ta ko'ina amma na gishiri ne, ƙananan tsibirai da yawa ruwan sama suke tarawa a tanki, ko kuma rijiya marar zurfi da ruwan daɗi ke kwance siriri a saman na gishiri, in aka ja da yawa sai ta koma gishiri. A 2011 ƙasar Tuvalu sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda ƙarancin ruwan sha. Don haka ku zo da naku gwargwadon iko, ni lita uku nake lissafa wa kowane babba a rana, in ya ƙare ku tafasa na garin ya yi minti ɗaya cur yana tafarfasa, ko ku sa ƙwayar tsarkake ruwa. Wanka kuma bokiti ɗaya ya isa, ku ja wa yara kunne kar su yi ta kwarara, ruwan da suke wasa da shi wata ce ta ɗauko shi a ka.

Jakar magani kar a manta ta ko da an manta komai. Farasitamol na manya da na yara, abin auna zafin jiki, filasta da bandeji, maganin wanke ciwo, ɗan hantsaki na cire ƙaya, maganin ƙaiƙayi, da ORS, wato garin gishiri da suga na masu gudawa, ƙunshi biyar ko fi. In ORS ya ƙare ana haɗawa, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kar a ƙara gishirin. Mai asma, mai ciwon suga, mai hawan jini, kowa ya ɗauki maganinsa ninki biyu na kwanakin, a raba jaka biyu. Ku tambaya tun kafin ku taso ina ne asibiti mafi kusa, awa nawa ne a jirgi, kuma in abu ya faru da tsakar dare akwai wanda zai tuƙa. In amsar ba ta kwanta muku ba kuma kuna da jariri ɗan watanni, ko mai tsohon ciki, ko dattijo mai ciwon zuciya, gaskiya ku canza wuri.

Sauron da ake gudu iri biyu ne kuma kowanne da lokacinsa. Mai kawo maleriya daga magariba zuwa asuba yake cizo, mai kawo zazzaɓin dengi kuwa da rana yake yi musamman da sassafe da yammaci. Ba kowane tsibiri ke da maleriya ba, Fiji da Samowa babu, Maldibs ma an tabbatar ta rabu da ita, Kef Bade kuma ta samu wannan shaidar a Janairun 2024, amma tsibiran Solomon da Papuwa Niu Gini da Bijagos na Gini Bisau akwai ta sosai, dengi kuwa kusan duk yankin zafi ana samu. Ku ga likita mako huɗu zuwa shida kafin tafiya, don wani maganin rigakafin kwana ɗaya ko biyu kafin a tafi ake fara shi wani sai da makonni, wani kuma kamar doksisaikilin ba a ba mai ciki ko yaro ɗan ƙasa da shekara takwas. Ku tafi da gidan sauronku da igiyar ɗaurawa, na masauki sau da yawa yana da huji. Man korar sauro mai sinadarin DEET ba a shafa wa jariri ɗan ƙasa da wata biyu, sauran yara kuma babba ne zai shafa a tafinsa ya goga musu, banda hannuwansu da kusa da ido.

Rana a bakin teku ta fi yadda kuke zato don ruwa da farin yashi na dawo da ita, iska kuma na ruɗin mutum ya ji kamar ba zafi. Baƙar fata ma tana ƙonewa, kar wani ya ce muku ba ta yi. Man kariya mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa duk awa biyu da bayan an fito daga ruwa, shi ake fara shafawa sannan na sauro a kai, jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa inuwa da tufafi ne kariyarsa. Daga goma na safe zuwa huɗu na yamma a fi zama a inuwa, sai dai ba ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya ba.

In kun isa

Ku tuna garin mutane kuka zo, ba otal ba. Abu na farko gaisuwa, ku ce wa mai masauki ya kai ku wajen mai gari ko dattijon da ya kamata, kuma ku tambaye shi tun a waya me ake zuwa da shi. A ƙauyukan Fiji alal misali baƙo na miƙa wa sarkin gari saiwar yagona, wani tsiro da suke haɗa abin sha na gargajiya da shi, suna kiran abin sevusevu, kuma ba a yawo cikin ƙauye da hula a ka, ba a taɓa kan mutum ko da yaro ne. A Samowa akwai ƙauyukan da da yamma ake buga ƙararrawa ko a busa ƙahon katantanwa kowa ya tsaya cik na 'yan mintuna don addu'a, baƙo ma sai ya nemi wuri ya zauna har a gama. Kowane wuri da nasa, baƙo kuwa makaho ne ko yana da ido, matambayi kuma ba ya ɓata. Sutura ta mutunci a cikin gari, kayan wanka a bakin ruwa kawai. Hoto sai an nemi izini, musamman na mata da yara da wurin ibada da maƙabarta, kuma ku hana yaranku raba alawa ko kuɗi ga yaran gari a hanya, in kuna da abin alheri ku ba iyaye ko malamin makaranta.

Kar ku cika Asabar da tsare-tsare. Abu ɗaya da safe, abu ɗaya da yamma, shikenan. Mafi daɗin abin da na gani yara sun yi a irin wannan tafiya bai ci ko sisi ba, lokacin da ruwa ya janye ne muka bi wata dattijuwa da ke tsintar katantanwa, ta tsuguna a bakin wani ɗan rami da ruwa ya rage a ciki bai fi faɗin tire ba, ta ɗaga dutse a hankali, sai ga ƙananan kifaye masu ratsin shuɗi da wata kaguwa da ta shige bawon katantanwa tana jan gidanta, ƙaramarmu ta fi rabin awa a tsugune ba ta ce uffan ba, da za mu tashi dattijuwar ta mayar da dutsen daidai yadda ta same shi ta nuna wa yaran su ma su riƙa yin haka. Sai dai irin wannan yawo a yi shi da ɗan gari, a kuma san lokacin dawowar ruwa, don a shimfiɗaɗɗen wuri yana dawowa da sauri ta gefe ya zagaye mutum kafin ya ankara.

Kowa ya sa takalmin roba mai rufe ƙafa in zai shiga ruwa. Akwai bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi masu karyewa a cikin fata, akwai kifin da ke kwance kamar dutse mai dafi a bayansa, murjani kuma yana yanka kamar reza kuma ciwonsa na saurin ruruwa in ba a wanke shi sosai da sabulu da ruwa mai tsafta ba. In aka taka mai dafi a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi iya wanda fata za ta jure ba tare da ƙuna ba, sannan a nemi asibiti. Ku gaya wa yara kar su ɗauki katantanwa mai siffar mazurari mai kyawun zane, in mai rai ce tana harbi kuma dafin wasu na kisa. Dokar dai a kalla da ido, kar a taɓa.

Wajen wanka ku tambayi 'yan gari ina yaransu ke shiga, nan za ku shiga. Babu mai gadin ceto a nan, ku ne. Babba ɗaya ya zama aikinsa kallon yara kawai, ba waya ba hira, in ya gaji ya miƙa wa wani da baki ya ce karɓi, don yawanci abin na faruwa ne lokacin da baba ya ɗauka mama na kallo mama ta ɗauka baba na kallo, kuma yaro in yana nitsewa ba ya ihu, shiru yake tafiya. Ɗan ƙasa da shekara biyar kar ya wuce inda hannunka zai kai. In ruwa ya ja babba zuwa ciki kar ya yi kokawa da shi kai tsaye, ya yi iyo a gicciye, gefen gaɓa, har ya fita daga hanyar jan, ko ya kwanta a bayansa ya ɗaga hannu.

Abinci kuma ku ci abin da aka dafa da zafinsa, 'ya'yan itace wanda kuka ɓare da kanku. Ku sanar da mai masauki tun da wuri abin da ba ku ci da abin da jikin wani yaro ba ya so, don shi ma ya shirya. Abu ɗaya da ba kowa ya sani ba, manyan kifayen da ke farauta a cikin murjani kamar barakuda kan tara wani dafi da ake kira siguwatera, ba ya wari ba ya canza ɗanɗano kuma dahuwa ba ta kashe shi, alamarsa amai da gudawa da ƙaiƙayin leɓe, har mutum ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar wuta. Masunta sun san wane kifi da wane gefe ake gudu, ku bi nasu, ƙananan kifi sun fi aminci.

Akwai kuma abin da nake so kowane yaro mai wayo ya ji tun daren farko, ba don tsoratarwa ba. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana girgiza, ko kuka ga teku ya janye farat ɗaya ba a lokacinsa ba, ba a tsayawa kallo ba a komawa ɗaukar jaka, tudu ake nufa. Mutanen tsibirin Simeulue na Indonesiya sun gaji wannan daga kakanninsu tun ambaliyar 1907, suna kiran abin smong suna sa shi a labaran da ake ba yara, da tsunami, wato ambaliyar teku mai biyo bayan girgizar ƙasa, ta 26 ga Disamba 2004 ta zo, duk da suna dab da inda girgizar ta tashi mutum bakwai kawai suka rasu cikin kusan 78,000. Ku tambayi mai masauki ina ne tudun garin, ku taka ku gani da rana.

Ranar tafiya ku tattara shararku ku tsallako da ita, robobi, famfas, batir, don a can ba motar shara, ƙonawa ake ko teku ya kwashe. Tsaraba ku sayi abin da suka saƙa ko suka sassaƙa da hannunsu kuma kar ku matsa ciniki har ya zama cuta, amma murjani da ƙoƙon kunkurun teku ku bar su, yarjejeniyar CITES ta kare namun daji da tsirrai ta hana fataucin kunkurun tsakanin ƙasashe kuma ana ƙwacewa a filin jirgi har da tara. Ku biya mai masauki da matuƙi yadda aka yi alkawari tun da dare, ku sake tabbatar da lokacin tashi, ku kasance a bakin ruwa rabin awa kafin lokaci da yara sanye da rigunansu.

Bayan kun dawo gida ku ci gaba da shan maganin rigakafin maleriya har kwanakin da likita ya ce su cika, kar a daina don an ga an dawo lafiya. Maleriya ba ta nunawa sai bayan kwana bakwai ko fiye da cizon, dengi kuma kamar kwana huɗu zuwa goma, don haka duk wanda ya yi zazzaɓi a makonnin da suka biyo baya a kai shi gwaji a ranar, a gaya wa likita sunan wurin da aka je, kuma kafin sakamako ya fito farasitamol kawai za a ba shi, banda asfirin da ibufurofen don in dengi ce suna iya jawo zubar jini.